Sa Allah gaba ba ya nufin barin iyaye cikin wahala

Daga Wusasa har Sabon Gari a Zariya an daɗe ana cewa wanda ya sa Allah gaba, baiko zai fara kaiwa coci, ko da mahaifiyarsa tana kwance ba kuɗin magani. Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba.

A Markus 7:9-13 Yesu ya tsawata wa Farisiyawa, wato wata ƙungiyar addinin Yahudawa, domin in mutum ya ce ya keɓe wa Allah abin da zai taimaki iyayensa, sai su sauke masa nauyinsu. Ya ce da al'adarsu suka soke maganar Allah. 1 Timoti 5:8 ma ta fi zafi: wanda bai kula da iyalinsa ba ya musunci bangaskiya.

In an kawo muku aya, ku karanta surar daga farkonta, ku duba wa ake yi wa magana. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.