Tsohuwar Mota Tana Yoyon Mai: Ta Ina Ake Farawa?

Na ga ɗigon mai a ƙarƙashin motata. Baƙin mai ne?

Ba lallai ba. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ya kwana, da safe ka duba launi da wari. Baƙin mai ruwan ƙasa ne ko baƙi. Man giya mai canja kanta galibi ja ne, sai ya tsufa yake duhu. Man giyar hannu da na aksul ɗin baya yana da kauri da wari mai hawa kai. In kuwa kusa da taya ka ga ruwa mai santsi, ka zargi man birki, kuma kada motar ta hau titi sai an duba.

To, yaya ake gano inda yake fitowa?

A nan mutane suke asarar kuɗi. Mai yana gangarawa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya idan ana gudu, saboda haka inda yake ɗiga ba nan ya fito ba. Sau da yawa gasket ɗin murfin saman inji ne ya bushe, man ya bi bayan inji ya sauka tsakaninsa da giyabos, sai a ce sil ɗin baya ne (robar da ke tare mai a bayan inji, inda ya haɗu da giya), a sauke giya a banza.

A wanke injin tas, ya bushe, a tayar da shi ya yi zafi, sannan a bi da tocila daga sama zuwa ƙasa. Wuri mafi tsayi da ya jiƙe shi ne abin zargi. Wasu kanikawa suna barbaɗa hoda don sawun man ya fito, wasu suna zuba rini a cikin man su haska da fitila ta musamman. Kuma a fara da masu sauƙi: bakin filta, notin juye da wasarsa, da na'urar da ke kunna fitilar mai. Akan ma samu robar tsohuwar filta ta maƙale, aka ɗaura sabuwa a kanta.

An canja sil, bayan 'yan makonni yoyon ya dawo. Me ya jawo?

A duba bawul ɗin PCV. Shi ke fitar da iskar da ke kuɓucewa ta gefen ringin fistin ta taru a cikin inji. In ya toshe, iskar sai ta matsa wa kowane sil da gasket har mai ya samu hanya. Ƙaramin abu ne, amma ni a ganina bai kamata a taɓa sil ɗin tsohuwar mota ba tare da an duba shi ba. Cika mai ya wuce ƙa'ida ma yana kawo hakan.

Zan iya ci gaba da hawa ina ƙara mai?

In gumi ne kawai, kana iyawa, muddin kana duba geji a kai a kai a wuri shimfiɗaɗɗe. A yawancin ƙananan motoci tsakanin alamomin geji biyu kusan lita 1 ce. Amma mai da ke zuba a kan salansa zai iya kama wuta, wanda ya jiƙa bel ɗin tayimin kuma yana cinye shi. Fitilar mai ta kama kana tafiya? Tsaya ka kashe, kafin inji ya buga.

Maganin toshe yoyo da ake zubawa fa?

Kumbura roba kawai yake yi. Ba ya gyara abin da ya tsage.

Wace ƙara ce ke nuna matsala tsakanin giya da taya?

Ƙas-ƙas lokacin shan kwana, shaf ɗin gaba ne. Robarsa ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga. Da an canja robar da wuri, da shaf ɗin ya tsira. Bugu guda idan an saka giya ko an taka totur, a duba mahaɗin farfela (dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa aksul ɗin baya) da robobin da ke riƙe inji. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, aksul ne ko boris ɗin taya. In inji yana ihu mota ba ta ƙara gudu, kuloci ne ke sulɓewa, kuma mai yiwuwa mai daga sil ɗin baya ne ya jiƙa shi. Tunda gyaran kuloci da na sil ɗin baya duk sai an sauke giya, a canja kulocin da sil ɗin a lokaci guda.