Ɗalibi da Koyon Sana'ar Hoto a Kebbi: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibai da dama a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, suna sha'awar koyon ɗaukar hoto da gyaransa a waya ko kwamfuta, wasu don sha'awa, wasu kuma don samun abin rage hidimar karatu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai farawa ya fi yawan cin karo da su.

Shin dole ne ɗalibi ya mallaki babbar kyamara kafin ya fara?

Ba dole ba ne, kuma lissafi ma ya nuna haka. Hoton da za a wanke mai inci 4 a 6 yana buƙatar fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 1,200 a 1,800 kawai don ya fito tas, wato kimanin miliyan 2, shi kuwa mai girman takardar A4 bai kai miliyan 9 ba. Wayar da ke da megafiksel 12, wato fiksel miliyan 12, ta wuce wannan. Inda waya ke gazawa shi ne a cikin duhu da kuma jawo abin da ke nesa. Idan ɗalibi ya kai matsayin da waɗannan biyun suka fara hana shi aiki, sai ya nemi kyamara ta hannu irin su Canon 600D ko Nikon D3200, ya haɗa ta da lensi mai milimita 50, wanda yake da sauƙin kuɗi kuma yana fitar da hoton fuska da kyau. Kafin ya biya, ya bincika adadin hotunan da aka riga aka ɗauka da ita, domin marufin haskenta, wanda ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, yana da iyakar aiki.

Mene ne abu na farko da ya kamata a koya?

Haske, kafin kowace manhaja. Abubuwa uku ne ke sarrafa shi a cikin kyamara. Akwai faɗin ƙofar lensi, wanda idan aka sa shi a f/1.8 yakan shigar da haske mai yawa ya kuma dusashe abin da ke bayan mutum, idan kuma aka mayar da shi f/8 sai na gaba da na baya su fito sarai, abin da hoton taron 'yan aji ke buƙata. Akwai saurin marufi: doki a guje ranar hawan sallah yana son kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, mutumin da ke zaune kuwa ɗaya bisa 125 ya ishe shi. Na uku shi ne ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, wanda ake barin sa a 100 da rana, ake ɗaga shi da dare, amma da zarar ya yi sama sosai hoton ya fara yin tsakuwa-tsakuwa. Hasken tsakar rana a wannan yanki yana da zafi, yana jefa inuwa a ƙarƙashin ido da hanci, shi ya sa masu sana'ar suka fi son hantsi da bayan la'asar.

Me ya sa fuska ke yin duhu idan mutum ya sa farar babbar riga?

Wannan ita ce matsalar da ta fi damun mai ɗaukar hoto a ƙasar Hausa, kuma tana da dalili. An ƙera ma'aunin hasken kyamara ne ya ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, idan aka gauraya shi, zai ba da launin toka matsakaici. Da ya ga farar shadda ta cika hoton, sai ya zaci haske ya yi yawa ya rage shi, rigar ta koma toka-toka, fuskar mai baƙar fata kuma ta nutse. Maganin shi ne a taɓa fuskar a allon waya domin a auna haske daga gare ta, ko a ƙara haske da mataki ɗaya a kyamara, tare da lura kada aikin zaren da ke wuyan rigar ya ɓace cikin fari. Mafi sauƙi ma shi ne a tsayar da mutumin a inuwar zaure ko ta bishiya yana fuskantar fili, a sa wani ya riƙe farin kwali daga ƙasa don ya mayar masa da haske a fuska. Wanda ya iya wannan a wurin ɗauka ya rage wa kansa rabin aikin gyara.

Da wace manhaja ake fara gyara?

A waya, Snapseed kyauta ce, Lightroom ma tana da sashen da ba a biya. A kwamfuta, Photoshop, wadda ta fito a 1990, ita ce ta fi shahara, sai dai tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da ita ta biyan kuɗi wata-wata, abin da ke da nauyi ga aljihun ɗalibi. GIMP da Darktable kyauta ne kuma sun isa a koyi aiki da su. Tsarin aikin kusan ɗaya ne a ko'ina: a miƙe hoton, a yanke abin da bai da amfani, a daidaita fari ya zama fari na gaskiya, sannan a taɓa haske da inuwa. Wanda kyamararsa ke iya ajiye hoto a tsarin RAW ya yi amfani da shi, domin JPEG, wato tsarin da aka saba ajiye hoto a ciki, matakan haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa dubbai, saboda haka ya fi jure gyara.

Ina iyakar gyara take?

Cire ƙurjin da zai warke jibi gyara ne, amma mayar da baƙar amarya fara har danginta su kasa gane ta ɓarna ce, ko da ita ta nema. Yawan goge fata yana kashe ƙananan ramukan da ke sa fuska ta yi kama da ta mutum, sai ta koma kamar roba. A hoton jarida kuwa ƙa'idar ta fi tsanani, domin kamfanonin labarai irin su Reuters da AP ba su yarda a ƙara ko a cire wani abu daga cikin hoto ba. Ɗalibin da ke karatun aikin jarida ya kamata ya saba da wannan tun yana makaranta.

A ina ɗalibi zai sami wurin gwada hannunsa?

Jihar Kebbi ba ta rasa abin ɗauka ba. Akwai bikin kamun kifi na Argungu a Matan Fada, wanda aka fara a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Lokacin da dubban masunta suka ruga cikin ruwa da koma da gora, saurin marufi da zaɓen wurin tsayawa su ne komai. Akwai Uhola a Zuru, da Rigata a Yauri, da fadamun shinkafa lokacin girbi. Amma bukukuwan nan ba kullum ake yin su ba, don haka ainihin makarantar ita ce kasuwa da harabar jami'a da walimar kammala karatu. A nemi izini kafin a ɗauki mutum, musamman mata da yara, a kuma kauce wa shingen jami'an tsaro da gine-ginensu. Zama na 'yan watanni a sutudiyon wani gwani lokacin hutu yana koyar da abin da bidiyon intanet ba ya koyarwa, kamar tsara jama'a a wurin biki da yin ciniki da mai aiki.

Yaya ake kula da kayan aiki da kuma hotunan kansu?

Ƙurar hunturu tana shiga kyamara da zarar an cire lensi a fili, ta bar ɗigo-ɗigo a kowane hoto, saboda haka a riƙa canza shi a ɗaki, bakin kyamarar na kallon ƙasa. Zafin watan Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yana gajiyar da batir, don haka kada a bar jaka a cikin mota ko a rana. Kowane aiki a ajiye shi a wuri biyu kafin a goge memori. Wajen miƙa wa mai aiki kuma, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci idan an tura shi ta hanyar da aka saba, sai a tura shi a matsayin fayil domin ya isa da cikakken girmansa idan za a kai wanki.