Yadda coci ta dawo daga rakiyar makaman ƙare dangi

Tun da yaƙi ya koro mu daga Omdurman muke zaune a Gadarif, a gabashin Sudan, katanga ɗaya da wani dattijo Kirista ɗan Duwatsun Nuba. Da la'asar nakan same shi a ƙofar gida da 'yar rediyonsa, wadda aka ɗaure wa murfin batir da roba, jabana, wato butar gahawa, tana tafasa a kan gawayi. Wata rana aka taɓo zancen nukiliya a labarai, na ce, "Ammu, mu da jirage marasa matuƙa suka hana barci, ina ruwanmu da wannan?" Ya ce, "Ɗana, bam na biyu a kan unguwarmu ya faɗa."

Urakami yake nufi, unguwar 'yan Katolika a Nagasaki. Kakannin mutanen wurin sun yi sama da shekara 250 suna ɓoye addininsu saboda haramcin sarakunan Japan. Ranar 9 ga Agustan 1945, kwana uku bayan Hiroshima, bam ɗin Amurka ya fashe kimanin mita 500 daga babbar majami'arsu, Kiristoci wajen 8,500 suka halaka daga cikin 12,000. Su kuma sojojin da suka kai bam ɗin suna da nasu limamin Katolika, Fada George Zabelka. Daga baya ya yi nadama a bainar jama'a, ya ƙare rayuwarsa yana wa'azin ƙin yaƙi.

Ba dare ɗaya coci ta kai ga matsaya ba. Tana da tsohuwar koyarwa cewa yaƙi kan halatta bisa sharuɗɗa, ciki har da kada a taɓa wanda bai ɗauki makami ba. To makamin da ba ya bambance soja da jinjiri fa? Bayan rikicin Kuba na Oktoban 1962, wanda ya kusa haɗa Amurka da Tarayyar Sobiyet, Fafaroma John na 23 ya fitar da wasiƙa a 1963 yana kira da a haramta makamin nukiliya. A 1965 babban taron Vatican ya ce shafe gari da mutanensa laifi ne ga Allah da ɗan Adam.

Amma a nan gizo ke saƙar: an hana harbawa, ajiyewa kuma fa? Manyan ƙasashe cewa suke kar ta san kar ce, kowa ya riƙe nasa don kada ɗayan ya kuskura. A 1982 Fafaroma John Paul na biyu, wanda dattijon nan ya gani da idonsa a Khartoum a Fabrairun 1993, ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ana iya lamuntar ajiyewar na ɗan lokaci, in dai mataki ne zuwa kwance ɗamara. Majalisar Coci-coci ta Duniya ba ta tsaya nan ba: a taronta na Vancouver a 1983 ta ce ƙerawa da girkewa ma laifi ne ga bil'adama. A ganina su suka fi gaskiya, domin wannan "ɗan lokaci" ya ci shekara 35 ba a kwance ba.

Fafaroma Francis ne ya rufe ƙofar. A Nuwamban 2017 ya la'anci mallakar makaman kanta, ya maimaita a Hiroshima a 2019. A Yulin 2017 ɗin ƙasashe 122 suka amince da yarjejeniyar haramta su, fadar Vatican tana sahun farko na masu tabbatar da ita, ta fara aiki ranar 22 ga Janairun 2021. Najeriya ta tabbatar da ita a 2020, Sudan ma ta sa hannu a shekarar. Afirka kuwa ba 'yar kallo ba ce: yuraniyom na Kwango aka yi amfani da shi a bama-baman farko, Faransa ta yi gwaji a saharar Aljeriya a 1960 har Najeriya ta yanke hulɗa da ita, Afirka ta Kudu kuma ta wargaza nata guda shida da hannunta.

Har yau ƙasashe tara masu makaman babu wadda ta sa hannu, kuma akwai kimanin 12,000 a rumbunansu. Ni Musulmi ne, amma na goyi bayan dattijon nan ɗari bisa ɗari, saboda hujjar kar ta san kar na ji ta da kunnena. A Khartoum ma haka ake faɗa a majalisun shayi, cewa rundunonin nan biyu, sojojin gwamnati da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, ba za su taɓa gwabzawa ba, kowacce ta san abin da ɗayar ta tara. Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, muna cikin azumi, da hantsi muka fara jin rugugi daga tsallaken kogi.