Kunna Kayan Kiɗa da Batir a Wasan Bakin Titi

Wasan bakin titi sana'a ce ta mawaƙa da makaɗan da ke kafa kayansu a dandali, ko bakin kasuwa, ko mashigar tashar jirgin ƙasa, su yi kiɗa, masu wucewa su jefa musu abin da ya sawwaƙa. Tun da aka fara ƙara wa murya da jita ƙarfi da lantarki, sana'ar ta haɗu da matsalar da mai kalangu bai san ta ba: a titi babu soket. Janareta kuwa ƙararsa da hayaƙinsa kaɗai sun isa su kori 'yan kallo, kuma birane da dama ba sa yarda a tayar da shi a wurin wasa. Sai batir ya zama madogara, shi ke ciyar da amfilifaya da lasifika da makirufo da piyanon lantarki da sauran tarkacen da makaɗi ya ɗauko.

Tarihi

Amfilifayoyin farko masu kwalba ne, irin na tsofaffin rediyo, waɗanda sai sun yi zafi kafin su yi aiki. Suna zuƙar wuta ko ana kiɗa ko an yi shiru, don haka ba su dace da batir ba. Zuwan tiransista, ƙaramar na'urar da ta maye gurbin kwalba ba tare da cin wuta sosai ba, shi ne ya buɗe hanya. A shekarar 1973 aka fito da Pignose a kasuwar Amurka, wata 'yar amfilifaya mai ƙarfin wat 5 da ke aiki da ƙananan batura shida, maɓallin ƙara sautinta an yi shi da siffar hancin alade. Tana cikin na farko da mai jita zai rataya a kafaɗa ya fita da ita.

A Kinshasa ta Kwango an bi wata hanyar dabam. Mawangu Mingiedi, wanda ya kafa ƙungiyar Konono Nº1 a shekarun 1960, yana kaɗa likembe, wani ɗan akwati mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu. Muryar likembe siririya ce, hayaniyar birni tana haɗiye ta. Sai Mingiedi ya haɗa na'urar ɗaukar sauti da mayen ƙarfe da ya ciro daga tsofaffin kayan mota, ya jona da lasifika mai bakin ƙaho, ya ba su wuta da batirin mota. Sautin ya riƙa fitowa a dishe, yana tsagewa. Abin da injiniya zai kira aibi ya zama tambarin ƙungiyar, kuma da shi ta yi suna a Turai da Amurka daga shekarar 2004.

Kamfanin Roland na Japan ya fito da jerin amfilifayoyin Cube Street musamman don masu wannan sana'a, akwatin a kishingiɗe yake domin sauti ya tashi zuwa kunnen wanda ke tsaye. Samfurin EX na 2014 yana kai wa wat 50 da batura takwas. A 2018 kamfanin Bose ya kawo lasifikar S1 Pro mai aiki da batirin litiyam. Lasifikoki masu taya da mariƙi, waɗanda ake ja kamar akwatin tafiya, su ma sun cika kasuwanni. Su ne ake gani a hannun masu tallar magani da masu wa'azi a kasuwannin ƙasar Hausa, inda a da batirin mota da lasifikar ƙaho ake ɗorawa a kan baro.

Ire-iren batir

Ƙananan batura na rediyo da tocila, masu girman AA, su ne mafi sauƙin samu. Na alkalin yana ba da bolt 1.5, ana yar da shi in ya ƙare. Wanda ake cajawa, nau'in NiMH, yana ba da bolt 1.2, kuma ga wanda ke fita kullum shi ne mai arha idan aka yi lissafin shekara. Akwai kuma mai kusurwa huɗu na bolt 9, wanda ake sa wa 'yan na'urorin da mai jita ke takawa da ƙafa don sauya amo.

Batirin dalma da asid shi ne dattijo, Gaston Planté na Faransa ne ya ƙirƙiro shi a 1859. Ɗakuna shida ne a ciki, kowanne bolt 2, jimla 12. Yana da arha, ko'ina akwai mai gyaransa da mai cajinsa, amma nauyi ne da shi: kowane kilo ɗaya bai wuce ya riƙe wat-awa (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) 30 zuwa 50 ba. Sannan ba ya son a tsotse shi ƙarƙaf; idan ana yawan wuce rabi, kwanansa ya ƙare da wuri. A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi da batirin mota. Shi an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu a tayar da inji, sannan mota ta mayar masa nan take. Wanda ya dace da kiɗa shi ne irin na sola, ko ƙaramin nan rufaffe mai bolt 12 da amfiya-awa 7 (ma'aunin girman cajinsa) da ake samu cikin UPS, akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, wanda ba ya zubar da ruwa ko an kwantar da shi.

Batirin litiyam kamfanin Sony ne ya fara sayar da shi a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a kan aikin da ya haifar da shi. Wani nau'insa da makaɗan titi ke amfani da shi shi ne wanda ake kira LiFePO4. Ɗakinsa ɗaya bolt 3.2 ne, huɗu su ba da 12.8, wato yana shiga gurbin na dalma ba tare da an sauya komai ba sai caja. Nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, ana iya shanye kusan duk abin da ke cikinsa, yana jure caji sau dubu biyu ko fiye, kuma bai kai sauran dangin litiyam saurin kamawa da wuta ba. Tsadarsa a ranar saye take.

Lissafin awa

Tambayar kowane makaɗi ita ce batirin zai kai shi ƙarfe nawa. Ana ninka bolt da amfiya-awa a samu wat-awa, sannan a raba da abin da kayan ke ci. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana da wat-awa 84 a rubuce. Tunda na dalma ne, rabi ake lissafawa, wato 42. Idan amfilifaya da piyano da ɗan akwatin haɗa sauti suna cin wat 15 gaba ɗaya, ba za a cika awa 3 ba. Na LiFePO4 mai amfiya-awa 10 yana da wat-awa 128. Ko an bar masa saura, zai yi wajen awa 7 da kayan nan dai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar lambar da aka buga a jikin amfilifaya a matsayin abin da take ci. Wat 50 ƙololuwa ce, ba a kai mata sai a bugun ganga ko inda mawaƙi ya ɗaga murya. Kiɗa hawa da sauka ne, matsakaicin abin da ake ja ƙasa yake da ƙololuwar nesa ba kusa ba, shi ya sa masana'antu ke gwada cin wutar amfilifaya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfinta. Wanda ya yi lissafi da lambar jiki zai sayi batirin da zai karya masa baya a banza. 'Yar na'urar auna wuta da ake jonawa tsakanin batir da kaya ta fi duk wani kintace.

Haka ma lambar da ke jikin fawa bank tana ruɗi. Mai 20,000 mAh, wato amfiya-awa 20, an auna shi ne a bolt 3.7, wato wat-awa 74 ke nan, kuma wani abu zai salwanta wajen ɗaga shi zuwa bolt 9 ko 15 ta kafar USB-C.

Nau'in amfilifayar ma yana da tasiri. Tsohon tsarin da ake kira AB yana mayar da kaso mai yawa na wutar zafi, abin da ya sa bayanta ke ƙuna. Tsarin D, wanda kusan duk sababbin na batir ke amfani da shi, yana iya mayar da kimanin kashi 90 cikin 100 zuwa lasifika.

Inbata ko kai tsaye

Kayan da aka yi don soket sai an sa musu inbata, ta mayar da wutar batir irin ta gida. Amma a nan akwai abin dariya: yawancin kayan kiɗa a cikinsu ƙaramar wuta suke so, don haka inbata ta ɗaga, adaftar kayan ta sake saukewa, kowane mataki da ladansa. Inbata kaɗai kan cinye kashi 10 zuwa 15, kuma tana ci ko ba a kunna komai ba. Mai arhar, wadda wutar da take fitarwa ba sumul take hawa da sauka ba, tana sa lasifika wani gunji da ba ya ɓacewa, wani lokaci har tiransifomar da ke cikin kayan ta yi zafi. In dole sai an yi da inbata, a nemi mai fitar da wuta sumul irin ta gida. In kayan na karɓar bolt 12 ko 9, gara a ba su kai tsaye, a dai lura da kan filogi: 'yan na'urorin jita da yawa, irin na Boss, tsakiyar filoginsu ita ce negatib, saɓanin galibin kayan gida, kuma juya shi na iya ƙona na'ura.

Makirufo irin Shure SM58 ba ya buƙatar wuta ko kaɗan. Irin na situdiyo kuwa galibi sai an tura masa bolt 48 ta wayarsa, ga shi yana kwaso iska da ƙarar mota, don haka ba kasafai ake fita da shi ba.

Sauti a fili

A ɗaki bango yana dawo da sauti. A fili babu wannan gata: duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Ninka wat sau biyu kuwa desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka sai an ninka wat kusan sau goma. Ma'ana, neman ƙara ta hanyar wat shi ne hanya mafi tsada ga batir. Lasifikar da ta fi wata da desibel 3 a wat guda ta rage cin wuta da rabi. Ɗora ta a kan sanda daidai kan mutane, ko tsayawa da bango a baya, yana yin aikin da ƙarin batir ba zai yi ba. Amon ƙasa mai kauri shi ne babban maciyin wuta. Rage shi kaɗan yana tsawaita wasa sosai, kuma muryar mawaƙi ta fi fita.

Kariya

Ko ƙaramin batir na bolt 12 yana iya narkar da waya idan kawunansa biyu suka haɗu, misali ta dalilin makulli ko tsabar kuɗin da ta faɗa jaka. Saboda haka ake sa fiyus dab da kan fositib, a kuma rufe kawunan. Zafi maƙiyin kowane batir ne. Na dalma rayuwarsa tana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 a ma'aunin Celsius, don haka ba a barinsa kan kwalta a rana. Na litiyam ba a cajinsa a sanyin da ya yi ƙasa da sifili, kuma wanda ya kumbura an daina amfani da shi. Mai tafiya a jirgin sama zai iya shiga da na litiyam har wat-awa 100 a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura haka ba a ɗauka.

Dokokin birane

Yadda batir ya ƙara ƙarfi ya kuma rage nauyi ya jawo wa makaɗan titi rigima da maƙwabta. Munich ta Jamus ta hana amfilifaya ɗungurungum. A New York sai an karɓi izinin 'yan sanda kafin a kunna lasifika a titi. Dublin ta sa iyakar desibel 80, a unguwar Temple Bar kuma 75. A Landan, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fara ba makaɗa lasisi da keɓaɓɓun wurare a 2003, ƙaramar hukumar Westminster ta kawo nata lasisin a 2021, sannan a watan Afrilun 2025 ta dakatar da wasa a dandalin Leicester Square bayan kotu ta yanke cewa ƙarar ta zama cutarwa ga masu aiki a ofisoshin da ke kewaye.