“Ina ka samo?”: fashin baƙin dokar Birtaniya kan dukiyar da ba a san asalinta ba

A watan Mayun 2016, ana gab da buɗe taron yaƙi da cin hanci a Landan, kyamara ta ɗauko Firaminista David Cameron yana shaida wa Sarauniya Elizabeth cewa Najeriya da Afghanistan na sahun gaba a ƙasashen da cin hanci ya yi wa katutu. Da aka nemi jin ta bakin Shugaba Muhammadu Buhari, sai ya ce shi ba neman afuwa yake buƙata ba, a dawo da dukiyar Najeriya da aka ɓoye a Birtaniya. Amsar ta yi daidai, domin in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kuɗin da ake wawura a Abuja ko Baku ko Mosko ba a iska suke zama ba, da yawansu a gidajen Landan suke kwana.

Shekara guda bayan haka majalisar Birtaniya ta zartar da dokar kuɗaɗen laifi ta 2017. A cikinta ne aka ƙirƙiro umarnin kotu na bayyana asalin dukiya, wanda ake taƙaitawa da UWO, ya kuma fara aiki ranar 31 ga Janairun 2018.

A al'ada, hukuma ce ke da nauyin tabbatar da cewa dukiyar mutum ta haram ce. Wannan aiki ne mai wuya idan satar a wata ƙasa aka yi ta, takardun suna can, shaidun suna tsoro, mai laifin kuma ƙila har yanzu yana da hannu a gwamnati. Sabuwar dokar ta juya lamarin. Hukuma, galibi NCA mai yaƙi da manyan laifuka, za ta je Babbar Kotu ta nuna cewa wane yana da kadarar da darajarta ta haura fam 50,000, kuma akwai dalilin zargin cewa halastaccen samunsa da aka sani ba zai iya sayen ta ba. Sannan dole mutumin ya kasance ko dai ana zarginsa da hannu a babban laifi, ko yana da alaƙa da mai irin wannan laifi, ko kuma mai riƙe da babban muƙamin gwamnati ne a wata ƙasa, ko danginsa ko makusancinsa. Idan alƙali ya gamsu, sai a aika masa da tambaya: ina ka samo?

A ɗauka wani gwamna ne, albashinsa sananne, amma ga gida na fam miliyan biyu a arewacin Landan da sunan wani kamfani mai rajista a wani tsibiri. Za a buƙaci ya kawo bayani a rubuce kan yadda ya mallaki gidan da inda kuɗin suka fito, da takardun shaida. A lokaci guda kotu na iya hana sayar da gidan, kada a wayi gari ya canja hannu. In ya yi gum ba tare da uzuri ba, doka za ta ɗauka cewa kadarar ta cancanci ƙwacewa, sai fa in ya tabbatar da akasin haka a shari'ar da za ta biyo baya. In ya yi ƙarya da gangan, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyu. Umarnin shi kaɗai ba ya ƙwace komai, ba ya kuma nufin an same shi da laifi. Ƙofa ce kawai yake buɗewa.

Akwai wani wuri a dokar da ya daɗe yana damuna. Muƙami kaɗai ya isa a tambayi gwamnan Najeriya ko ministan Nijar. Amma ministan Birtaniya, ko na ƙasashen yankin tattalin arzikin Turai, muƙaminsa bai isa ba, sai an nuna zargin babban laifi. Ko bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai an bar wannan bambanci yadda yake. Ina goyon bayan a tambayi namu, kuma a tambaye su da ƙarfi, amma ban ga dalilin da zai sa ma'aunin ya zama biyu ba.

Wadda aka fara gwada dokar a kanta ita ce Zamira Hajiyeva, matar tsohon shugaban wani babban bankin gwamnati a Azerbaijan wanda aka ɗaure shekara 15 a ƙasarsu. A kotu aka ji cewa ta kashe kimanin fam miliyan 16 a kantin Harrods cikin shekara goma. Ta ɗaukaka ƙara ba ta yi nasara ba, amma sai a 2024 aka kai ga sulhun da ta rabu da mafi yawan darajar gidanta na Landan da wani filin wasan golf. Shekara shida ke nan ana kai ruwa rana a kan mutum ɗaya. A Leeds kuwa, wani ɗan kasuwa ya miƙa kadarorin kusan fam miliyan 10 a 2020.

Sai kuma faɗuwar da ta sanyaya gwiwar hukuma. A 2020 Babbar Kotu ta soke umarnin da aka bayar kan gidaje uku masu alaƙa da 'yar tsohon shugaban Kazakhstan, Nursultan Nazarbayev, da jikansa, tana mai cewa an gina zargin a kan zato mara ƙwari. NCA ta tsinci kanta da buƙatar biyan kuɗin lauyoyin ɗaya ɓangaren, kimanin fam miliyan ɗaya da rabi. Daga nan aka daɗe ba a ji ɗuriyar dokar ba. Hukumar da ke lissafin kasafinta ba za ta so karawa da attajirin da zai iya ɗauko lauyoyi mafi tsada a Landan ba.

A nan ne batun ficewa daga Tarayyar Turai ya shigo. Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairun 2020, yarjejeniyar ciniki da haɗin gwiwa kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021. Yarjejeniyar ta ɗauke haraji a kan kayan da suka cika sharuɗɗan asali, ta kuma tanadi haɗin kai wajen yaƙi da halasta kuɗin haram da ƙwace kadarori. Amma harkar banki da hada-hadar kuɗi, wadda ita ce jijiyar Landan, kusan ba ta samu komai ba, bankuna suka rasa izinin da suke da shi na yin aiki kai tsaye a faɗin tarayyar. Wannan ya haifar da muhawara mai zafi. Wasu 'yan siyasa suka ce a sassauta ƙa'idoji don a jawo jari daga ko'ina. Masu suka suka ce garin da ke ƙishirwar kuɗi ba zai tsaya tambayar asalinsu ba. A ganina tsoron nan yana da tushe, domin an yi shekaru ana alkawarin rajistar kamfanonin ƙetare masu gidaje a Birtaniya ana jan ƙafa.

Abin da ya tilasta motsi shi ne mamayar da Rasha ta yi wa Ukraine a Fabrairun 2022. Cikin makonni uku majalisa ta zartar da sabuwar dokar laifukan tattalin arziki. Ta ce hukuma ba za ta biya kuɗin lauyoyin wanda ta tuhuma ba sai in ta yi rashin hankali ko rashin gaskiya, ta kuma ba da damar a tambayi daraktocin kamfanin da ke riƙe da kadara. Ta kafa rajistar da ta wajabta wa duk kamfanin ƙetare mai fili ko gida a Birtaniya ya bayyana ainihin mai shi, misali wanda ke da sama da kashi 25 cikin 100 na hannun jari. Wanda ya ƙi, ba zai iya sayar da gidan ko jinginar da shi ba. Har yanzu dai akwai ɓaraka: tsibiran da ke ƙarƙashin Birtaniya, inda ake yi wa yawancin irin waɗannan kamfanoni rajista, sun yi ta ɗage wa'adin buɗe tasu rajistar ga jama'a.

Ga ɗan Najeriya, tambayar ita ce nawa ke dawowa gida. Tsohon gwamnan Delta James Ibori ya amsa laifi a Landan a 2012, tun kafin wannan doka, aka yanke masa shekara 13. A 2021 Birtaniya ta dawo da fam miliyan 4.2 daga kuɗaɗen da ke da alaƙa da shari'ar. A Yulin 2023 kuma kotu ta ba da umarnin a ƙwace masa sama da fam miliyan 101, shekara 11 bayan ya amsa laifin da bakinsa.