Ƙarancin jini da tamowa a tsakanin 'yan makaranta

Ƙarancin jini shi ne raguwar himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini wanda ke kai iskar oksijin ga sassan jiki. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, yaro mai shekara 5 zuwa 11 yana da ƙarancin jini idan himogulobinsa ya gaza giram 11.5 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini, mai shekara 12 zuwa 14 kuwa idan ya gaza giram 12. Matsalar ta fi ƙamari a Afirka da Kudancin Asiya, kuma yawanci tare take tafiya da tamowa, wato rashin abinci mai gina jiki, wadda ke jawo rama da tsumburewa.

Babban dalili shi ne rashin sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa himogulobin da shi. Yaro na iya cin hatsi ya ƙoshi kullum, jininsa kuma na raguwa, domin ayon da ke cikin tsirrai jiki ba ya tsotsarsa sosai kamar na nama da hanta da kifi. Shan shayi a kan abinci yana ƙara rage tsotsar, 'ya'yan itatuwa masu bitamin C kuwa suna taimaka mata. Rashin folet (wani nau'in bitamin B) da bitamin B12 da A ma na haddasa ƙarancin jini.

Sai dai ba abinci kaɗai ba ne. Wata tsutsar ciki tana shiga ta fatar ƙafar yaron da ke yawo ba takalmi, ta maƙale a hanji tana shan jini kaɗan-kaɗan. Tsargiya, wadda ake ɗauka wurin wanka a ruwan da ke da dodon koɗi, tana zubar da jini ta fitsari ko bayan gida. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Ga cututtukan gado irin su sikila. Yarinya kuma da zarar ta fara al'ada buƙatarta ta ayon ta ƙaru.

Cutar ba ta cika kwantar da yaro ba, shi ya sa ake daɗewa ba a gano ta ba. Sai a ga yana gyangyaɗi a aji, yana haki in ya ɗan yi gudu, karatu ba ya zama, har a ɗora masa laifin lalaci. In aka ja fatar idonsa ta ƙasa, ciki ya yi fari fat. Gwajin ɗigon jini daga yatsa ne ke tabbatarwa.

Makaranta ce wuri mafi sauƙin kai wa yaran ɗauki. A 2001 Majalisar Lafiya ta Duniya, wato babban taron ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa burin a riƙa ba aƙalla kashi 75 cikin 100 na yaran da ke cikin haɗari maganin tsutsa, galibi albendazol ko mebendazol, sau ɗaya ko biyu a shekara. Indiya ta soma shirin ciyar da ɗalibai na ƙasa a 1995, tana kuma raba wa matasa ƙwayar ayon da folik asid mako-mako. Yaran da ba sa zuwa makaranta, waɗanda sau da yawa su ne mafiya talauci, irin waɗannan shirye-shirye ba su cika isa gare su ba.