Waiwaye: Ƙuri'ar Yaƙi da Biyayyar Jam'iyya a Zaɓen Fid da Gwani na Amurka

Duk lokacin da zaɓen fid da gwani ya zo a Amurka ana cikin yaƙi, tambaya biyu ke bin ɗan takara. Jiga-jigan jam'iyya na tambayar ko namu ne, talakan jam'iyya kuwa so yake ya ji inda mutum ya tsaya ranar da aka buga gangar yaƙi. Tun 1968 tambaya ta biyu ke ƙara nauyi.

A shekarar, yaƙin Biyetnam ya ishi jama'a. Sanata Eugene McCarthy ya fito ya ƙalubalanci Shugaba Lyndon Johnson, ɗan jam'iyyarsu ta Dimokurat, abin da manya suka ɗauka cin amana. Ɗalibai suka aske gemu da suma, suka sa kwat, suka bi gida-gida a New Hampshire suna nema masa ƙuri'a. Ranar 12 ga Maris ya samu kashi 42, Johnson 49. Kafin watan ya ƙare Johnson ya janye. Aka harbe Robert Kennedy, wani ɗan takarar mai adawa da yaƙin, a Yuni, sannan a babban taron Chicago deleget suka miƙa tuta ga mataimakin Johnson, Hubert Humphrey, wanda bai shiga zaɓen fid da gwani ko ɗaya ba, 'yan sanda na jibgar masu zanga-zanga a waje. Fushin da ya biyo baya ne ya sa aka sake dokoki, ƙarfin zaɓen deleget ya koma hannun masu jefa ƙuri'a. George McGovern, mai adawa da yaƙin, ya ci gajiyar haka a 1972, amma wasu manyan jam'iyyar suka koma bayan Shugaba Nixon na Rifablikan, shi kuma McGovern ya tashi a babban zaɓe da jiha ɗaya tal, Massachusetts, da birnin Washington.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Iraƙi. A Oktoban 2002 majalisar dattawa ta ba Shugaba George W. Bush izinin yaƙi da ƙuri'a 77, masu ƙi 23. Hillary Clinton da John Kerry da John Edwards da Joe Biden duk sun amince. A lokacin bin ayari ne ya fi sauƙi. A watan ne Barack Obama, ɗan majalisar jihar Illinois da ba a san shi ba, ya tsaya a Chicago ya soki yaƙin. Gaskiya dai ba shi da ƙuri'a a Washington, don haka bai yi kasadar da sanatoci suka yi ba. Duk da haka jawabin ya zame masa jari a 2008. Edwards ya amsa kuskurensa tun 2005, Hillary ta ƙi neman gafara a takarar 2008, ƙuri'ar ta zame mata ƙarfen ƙafa har 2016, inda Bernie Sanders ya yi ta tuna mata cewa shi ya ƙi yaƙin. Magoya bayanta suka rama da cewa Sanders ai ɗan indifenda ne, aron rigar jam'iyya ya yi.

Joe Lieberman, mataimakin Al Gore a takarar 2000, ya riƙe goyon bayan yaƙin har ya sha kaye a fid da gwanin sanata a Connecticut a 2006, daga baya ya mara wa John McCain, ɗan takarar Rifablikan, baya.

A ɓangaren Rifablikan, ɗan majalisa Ron Paul ya daɗe yana sukar yaƙin Iraƙi ana yi masa kallon bare. Donald Trump ne ya karya lagon. A muhawarar Agustan 2015 aka ce wanda ba zai yi alƙawarin goyon bayan duk wanda ya ci fid da gwanin jam'iyyar ba ya ɗaga hannu. Shi kaɗai ya ɗaga. A Fabrairun 2016, a South Carolina, jihar da ke cike da sojoji, ya kira yaƙin Iraƙi babban kuskure a gaban abokin takararsa Jeb Bush, ƙanin George W. Bush, zauren na yi masa ihu. Mako ɗaya bayan haka ya lashe jihar, Jeb ya janye a daren.